Ranar da Na Ara wa Kaka Idona

Bana, da hatsi ya fara ƙosawa, na matsa wa jikokina sai da sunka ɗora ni a amalanke sunka kai ni gona. Ba wani aiki zan yi ba, ƙafafun ma sun daɗe da ƙin ɗaukata. So nake in shaƙi ƙamshin ɗanyar zangarniya tun ina da sauran hanci. Sunka ajiye ni ƙarƙashin wata aduwa. Na duba gabas na duba yamma, ban ga rumfar tsaron tsuntsu ko guda ba. Abin da na gani shi ne zaren kaset da yagaggun ledoji an ɗaɗɗaure a kan kara, iska na kaɗa su suna ƙyalli, su ne masu gadin gona yanzu. Yara suna lekol, makarantar boko, kuma ban ce lekol laifi ba ce. Amma na kasa kunne na daɗe, kurciya ɗaya na ji can nesa, sai wani hankaka da ya wuce yana masifa shi kaɗai. Ko wanda ake tsaron dominsa bai zo ba. Na ce a raina, ashe har ɓarawon ma ya yi ƙaura.

A zamanin da nake faɗi, lokacin da kumandan, nasaran da ke mulkin ƙasa, ke zaune Madawa, ana zuwa kasuwar Buza a ƙasa ko bisa jaki, mutum ba ya farkawa cikin shiru a garinmu. Garin yana gindin dutsi ne, fadama na shimfiɗe a gabansa. Tun kafin ladan ya yi gyaran murya fakara ke fara kira daga cikin duwatsu, sai kurciyoyi su amsa daga kan rumbuna, sannan marai su ɓarke da hayaniya a kurmi kamar kasuwa ta ci. Kafin rana ta fito cilakowa ta soma kukanta mai kama da ƙorafi, taɓarya ta shiga tsakani gida-gida, har ka rasa wanne ne na tsuntsu wanne ne na mata. Ba mu da takardar ƙidayar wata, tsuntsaye ke gaya muna lokaci. Ranar da shamuwa ta fara sauka bisa tsamiyar masallaci, Inna za ta buɗe bakin tukunyar iri, ko da sama fes take babu ɗigon girgije. In belbela ta cika bayan shanu, ciyawa ta kai. In gauraka sunka wuce da maraice suna busa ƙahonsu, tabkuna sun kawo.

Da zangarniya ta yi nono kuwa, duk ɗiyan gari, maza da mata, gona muke yini. Kowace gona da rumfarta mai ƙafa huɗu, ana hawa da tsani. Daga rumfar igiyoyi ke tafiya kusurwa-kusurwa, an rataya musu sakaina da ƙasusuwa da tsofaffin goruna masu tsakuwa a ciki. Ka ja igiya ɗaya, rabin gona ya ɗauki ƙara. Ga majajjawa a hannu, ga tulin curin laka da munka shanya tun jiya. Daga wannan rumfa a yi ihu, waccan ta amsa, har ƙarshen fadama. Kafin azahar murya ta dushe, sai a sauko a sha fura a gora, a gasa tumu a ɓoye, a share baki kafin manya su zo. Wahala ce, rana na dukan kai, amma ban taɓa yin dariya irin ta kan rumfar nan ba.

Ni dai ban cika yini a rumfa ba, don ina da wani aikin. Ni ce mai jan sandar Kaka, mahaifin Babana. Maharbi ne a ƙuruciyarsa, ya san kowane kwazazzabo daga dutsinmu har wajen Garhanga. Da tsufa ya zo, farar yana ta rufe masa ido duka biyu. Gidanmu gidan azna ne tun asali. Kaka bai kama salla ba sai da furfura ta fito masa, amma da ya kama bai sake ba. Amarya yake kirana, ni kuwa in ce ba ni auren tsoho mai cin goro shi kaɗai. Duk inda za shi, ni ke gaba riƙe da bakin sanda, shi yana biye. In na ce, “Kaka, ga wani tsuntsu,” sai ya tsaya cik ya ce, “Tsuntsu ba suna ba na. In anka ce mutum, wa anka kira?” Sannan ya jero tambayoyinsa, kullum su ne ba su canzawa. Yaya baki nai? Yaya ƙafa? Wutsiya fa? Bisa mi ya sauka, kuma ƙaƙa ya tashi? Tun ina ƙosawa har ya zama idona da kansa ke bin wannan hanya. Ya kan ce tsuntsu ba ya ɓoye sunansa, mutane ne ba su iya tambaya ba.

Inda ya fi son in kai shi shi ne kurmi. A tsakiyar fadama yake, itatuwa ne manya sun haɗa kai, tsamiya da kanya da ɓaure da bagaruwa, har rana ba ta taɓa ƙasa. A gindinsu akwai wani ɗan tabki da ba ya ƙafewa sai can cikin bazara, in ya ƙafe kuma a tona gaba biyu a ishe ruwa. Duk garin nan muke sha. Can kakanninmu ke yanka tun da, kuma ko bayan an bar yankan ba wanda ke karya ko tsinke a wurin. Iccen da ya faɗo da kansa kaɗai ake tsinta. Liman ma, da ke yi wa Kaka tsiya cewa har yanzu da sauran kurmi a zuciyarsa, can yake zuwa ya shimfiɗa buzunsa in zafi ya yi zafi.

Sai ga shekarar jan-baki. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, bai cika tafin hannu ba, amma in sunka taso sai ka ce hayaƙin gobara. Su sauka a gona, ka ja igiya, ka yi ihu, su tashi su koma bayanka. Kafin ka juya sun bar maka zangarniya fara fat kamar an shanya tsumma. Damina biyu a jere sunka yi muna haka. A ta biyun ne wani nasara mai kula da aikin noma ya ratso garinmu. Siriri ne, mai jan wuya, yana rataye da wani baƙin akwati a ƙirji, don haka munka sa masa Mai Akwati. Ba ya tsawa kamar sauran. Abin da ya ba mu mamaki shi ne ya kan kwanta ruf da ciki cikin laka rabin yini, ya auna tsuntsu da akwatin, ya danna, ba ƙara ba hayaƙi, tsuntsu ya tashi lafiya lau, shi kuwa ya miƙe yana murna. Kaka da na ba shi labari ya ce, “Wanga shi na maharbin da iyali nai za su kwana da yunwa.” Mai Akwati ya yi kwana biyu yana shiga kurmi, ya tafi, munka manta da shi.

Ba a yi wata ba ya komo, wannan karon da gardi biyu, dogaran nasara masu jar hula, da tafinta. Anka tara maza ƙofar mai gari. Tafinta ya ce kumandan ya ba da oda, duk iccen da masu cin hatsi ke sheƙa a kansa a sare shi a ƙone. Ya ce an ga kurminmu cike da sheƙa, an kuma ga jan-baki a ciki, hoto ya nuna, takarda kuwa ba ta ƙarya. Gobe da safe kowane namiji ya fito da gatari. Mai gari ya yi ta roƙo, ya ce ruwanmu can yake, in inuwa ta tafi ruwa zai bi ta. Tafinta ya ce shi baki ne kawai, ba shi ya yanke ba. Ran nan mata sunka ɗora tukunya ba mai magana da wani. Kaka ya zauna ƙofar ɗakinsa, anka kawo masa fura ya ce a mayar.

Bayan azahar sai ga gardi a gidanmu. Inna har ta ɗora hannu a ka. Ashe Mai Akwati ne ke neman wanda ya san sunayen tsuntsaye, yana son ya rubuta a karnensa, wani ɗan littafi da ba ya rabo da shi. Duk wanda anka tambaya sai ya ce Kaka, ba wanda ya tuna cewa hotuna za a nuna, su kuwa sai da ido. Na ɗauko sanda, munka bi gardi.

Munka ishe shi zaune a rumfar mai gari, dattawa sun kewaye shi, mata na leƙe ta bayan zana. Tafinta ya dubi Kaka sama da ƙasa ya ce, “Makaho kunka kawo a gwada mai hoto?”

Mushe ake ce wa kowane nasara a lokacin. Kaka ya ce, “Gaya ma Mushe idanuna suna nan lahiya. Ga su nan tsaye, sun ɗaura zane.”

Da anka juya masa maganar, Mai Akwati ya yi dariya, ya nuna mini tabarma. Na durƙusa kusa da Kaka, gwiwata na taɓa tasa. Nasara ya buɗe wata jakar fata ya miƙo mini 'yar takarda mai sulɓi, ba ta wuce tafin hannuna ba, gefenta kamar haƙoran zarto, tana warin magani. Ban taɓa ganin hoto ba a duniya. Na duba, ban ga komi ba sai toka da baƙin tukunya. Na juya bayanta, fari. Sai ya sa yatsa ɗaya ya juya ta a hannuna, ashe kife na riƙe ta. Ina cikin kallo sai ga wuya, sai ga ƙafa, sai ga ido yana kallona. Na yi ƙara na yar da ita.

“Kaka, tsuntsu na a ciki! Ya mutu tsaye!”

Rumfa duk ta ɗauki dariya, har gardi. Kaka bai yi ba. Ya ce, “Ɗauko. Yaya ƙahwa tai?”

“Dogaye. Guda cikin ruwa, guda ya naɗe.”

“Baki?”

“Kamar mashi.”

“Wane launi gare shi?”

“Babu launi, Kaka. Komi toka-toka na, har ruwan.”

“To, nasara ya ɗauko tsuntsu ya baro riga tai. Akwai wani zare da yal leƙo bayan kai nai?”

Na kusanto da takardar. “Akwai.”

“Zalɓe na.”

Mai Akwati ya lasa bakin alƙalaminsa ya rubuta. Ya so ya maimaita sunan, harshensa ya ƙi, ya yi ta fama har wani dattijo ya ce a bar shi haka nan kar ya haɗiye harshe. Daga nan hotuna sunka yi ta zuwa. Mai tukku kamar mafici da siririn baki, alhudahuda. Ƙato baƙi mai tafiya ƙasa da jaka a maƙogwaro, burtu. Wani bai ma fito ba, ya tashi daidai lokacin da anka danna, sai doguwar wutsiya da inuwar fiffike. Kaka ya tambayi inda yake, na ce a ƙasa, bakin turba. Ya ce, “Bardo na, ɗan tsoro.” Akwai wani mai baki kamar ludayi, na kwatanta shi sau uku. Kaka ya ce, “Wanga ban san shi ba. Ba ɗan ƙasarmu ba na.” Nasara ya ɗaga kai ya dube shi da kyau. Ya ce a bakin wani babban kogi ya ɗauko shi, tafiyar kwanaki da yawa daga nan. Na lura tun daga wannan lokaci ya bar kallon tafinta in yana magana, Kaka yake kallo.

Da jaka ta kusa ƙarewa, Kaka ya gyara zama ya ce, “Tafinta, ina waɗanda anka ɗauka kurminmu? Tunda su za su kashe mu, a bari mu gaisa da su.”

Tafinta ya ce wannan magana an gama ta. Amma nasara ya tambayi mi tsoho ya ce, dole ya faɗa masa. Nasara ya zaro hotuna uku daga cikin karne ya ajiye a gabana.

Na farko ina ɗauka na gane wurin. Bagaruwar nan ce da ta sunkuya bisa tabki. Sheƙuna ne rataye a bakin rassa kamar goruna. Kaka ya ce, “Ina ƙohwassu take?” Na ce tana kallon ƙasa. Ya ce, “Marai na. Jan-baki ba shi gini kusa ga mutane. Cikin hwarar ƙaya shika yi, ɗan dunƙule kamar hannun jinjiri, ƙohwa ga gehe. Marai shina taɓa hatsi, ba ni ɓoye ma. Amma cin maƙwabci shika yi, ba cin yaƙi ba.” Na biyu tsuntsu ne mai ɗan jiki, kansa baƙi har ƙirji, yana lilo kife a bakin sheƙa. Kaka ya ce namijin marai ne yana yi wa mata tallar ɗaki. Nasara na ta rubutu. Na ji dattawa a bayana sun fara sakin numfashi.

Sai na ɗauki na uku. Ban buƙaci tambayar kowa ba. Na kashe irinsa da majajjawa, na riƙe shi a hannuna da ɗumi. Su shida ne jere a reshe ɗaya, ƙanana, baki gajere mai kauri, biyu daga ciki fuskarsu baƙa kamar sun tsoma ta a tukunya, bayansu zane-zane. Ko babu jan bakin na san su. A bagaruwarmu suke, a kurminmu. Na ɗaga kai na hangi idon Inna ta ramin zana. Na tuna tulu, na tuna sanyin wurin nan da rana tsaka. Na kuma tuna cewa duk rumfar nan ba wanda ke ganin abin da ke hannuna sai ni, kuma abin da na faɗa shi Kaka zai ji.

Na ce, “Wanga bai hito ba, Kaka. Duhu-duhu na kawai.”

Kaka ya miƙo hannu. Ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe. Ya daɗe riƙe da shi. Sannan ya sunkuyo, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, “Amarya, hannunki na rawa. Yau ba ni da ido sai naki. In kin ruhe shi kin makanta ni sau biyu. Hwaɗi abin da kig gani.”

Na faɗa, ina kuka. Baki, fuska, baya, yawansu. Ban rage komi ba.

Kaka ya ɗaga murya ya ce, “Jan-baki na.”

Wuri ya ruɗe. Wata mata ta yi salati a bayan zana. Babana, wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba, ya miƙe tsaye ya ce, “Baba, ka kashe mu da bakinka!” Mai gari ya sunkuyar da kai. Tafinta kuwa tuni ya juya maganar da sauri, yana murmushi.

Kaka ya buga sanda a ƙasa. “Ban ƙare ba. Amarya, share hanci. Wane reshe na, na bisa ko na ƙasa?”

“Na ƙasa. Wanda ke taɓa ruwa.”

“Inuwar icce tana ina?”

Na duba. “Tana gindi nai. Ba ta tahi ko'ina ba.”

“Akwai mai ciyawa ga baki?”

“Babu ko guda.”

“Tafinta, tambayi Mushe da wane lokaci yaɗ ɗauke su.”

Nasara ya buɗa karne ya duba, ya ce da rana tsaka ne.

Kaka ya ce, “Rana tsaka, reshen ruwa, baki wayam ba kayan gini. Shan ruwa sunka zaka. Kai ma, tafinta, ka sha ruwan kurminmu yau. Ɗan garinmu na kai?” Wani ya yi tari don ya danne dariya. Kaka ya ci gaba, “In Mushe na son gaskiya, shi zamna bakin kurmi da hwaɗuwar rana. In sun kwana nan, gobe ni ka kai sara na hwarko.”

Mai Akwati ya karɓi hoton daga hannuna, ya fito da wani gilashi mai zagaye ya duƙa a kansa. Ya daɗe yana dubawa. Daga baya ya ce ya yarda. Tafinta ya ƙara da nasa, ya ce in tsoho ya ɓata wa nasara lokaci a banza, Madawa za a kai shi a ƙasa, ya yi wa kumandan bayani da kansa. Kaka ya ce to, ai yana da mai ja.

Da la'asar ta yi sanyi duk gari ya gangara fadama, har masu goyo. Anka tsaya nesa kaɗan da itatuwa. Marai sunka yi ta komowa, kowa na shiga ɗakinsa da surutu. Rana ta taɓa kan dutsi, ta yi ja. Sai wani yaro ya nuna gonaki. Hayaƙin nan ya taso, yana murɗawa yana miƙewa, ya nufo mu. Na yi ta addu'a su wuce. Ba su wuce ba. Sunka zubo cikin kurmi gaba ɗaya, da ƙara kamar ruwan ƙanƙara bisa busasshiyar fata. Rassa sunka sunkuya. Bagaruwa ta ɓace, ba ka ganin ganye ko ɗaya. Tafinta ya juyo ya dube mu. Babana ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Na ce, “Kaka, sun sauka. Sun cika ko'ina.”

Ya ce, “Na ji. Jira.”

Ya karkatar da kai yana saurare. Ni ina riƙe da bakin sanda, ina jin yadda take motsi daga wancan gefe. Ban san tsawon lokacin da munka tsaya ba. Ladan bai tafi kiran magariba ba, yana nan tare da mu. Can sai Kaka ya ce, “Kukansu ya sake.” Bai rufe baki ba kurmi ya yi wata irin girgiza, sunka tashi kamar hannu guda ya yaye mayafi. Sunka yi sama, sunka juya, sunka miƙe bisa dutsi wajen Keita. Kan ayarin ya ɓace tun da daɗewa wutsiyar na wucewa bisa kanmu. Bayansu sai ƙananan gashi ke saukowa bisa ruwa, marai kuma sunka koma faɗansu.

Mata sunka rangaɗa guɗa. Mai Akwati na tsaye, hularsa a hannu, baki buɗe. Bai ko taɓa akwatin ba. Ya zo gaban Kaka ya tambaya ina suke kwana. Kaka ya ce, “Ni makaho na. Shi ad da doki.”

A hanyar gida na tambaye shi, da sun kwana fa? Ya ce da ya sara, tunda ya faɗa gaban mutane. Na ce amma ai ya san za su tashi. Ya ce, “Na zata dai. Tsuntsu na, amarya, bai yi man alkawari ba.” Da munka isa na karɓi sandar zan jingine, na ji inda ya riƙe jiƙe sharkaf.

Kurmi ya tsira, amma gatura ba su huta ba. Da safe anka ɗebi maza, har da Babana, sunka bi sawun tsuntsayen. Sunka ishe su a wani kwari da ba kowa, cikin sarƙaƙiyar farar ƙaya. Anka tara busasshiyar ciyawa anka kewaye wurin anka sa wuta. Bayan kwana shida Babana ya komo, gira ta ƙone, ƙafa duk ƙaya, ɗauke da taiki cike da babbakakkun tsuntsaye. Bai ce wa Kaka ya yi haƙuri ba, ba a haka a lokacin. Ya dai zaɓo masu maiƙo ya zuba a ƙwarya, ya je ya durƙusa gabansa ya ajiye, bai tashi ba. Kaka ya laluba ya ɗauki ɗaya ya tauna har ƙashi, ya ce, “Hatsinmu na ya komo gida.” Mu ma yara munka ci har munka gaji, kuma ba zan ɓoye ba, da daɗi. Mai Akwati ya bar mini hoton zalɓe, na soke shi a jinkar ɗakin Inna, gara ta cinye shi kafin wata damina. Shi kuma ba mu sake ganinsa ba, an ce yaƙin ƙasarsu ya kira shi.

Kaka ya yi damina biyu bayan haka. Ya rasu da kaka, rumbuna cike. Kurmi kuwa yana nan anka yi mini aure, yana nan na haifi ɗiyana na fari, can na riƙa kai su ina yi musu tambayoyin nan guda biyar. Yau in ka je wurin rairayi ne, ƙorama ta ci gefe da gefe, rijiyar da ke can sai an haɗa igiya uku. Yaran yanzu in sunka ji ana cewa kurmi, suna zaton sunan unguwa ne. Wani lokaci baƙi masu aikin dashen itatuwa su kan zo su tambaye mu, mu tsofaffi, wa ya sare shi. Mutane su ce fari ne, su ce masu kai icce Madawa ne, su ce awaki. Duk gaskiya ne. Tsofaffin da ake jin kunyarsu sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, shekaru sunka yi tsanani. Anka fara da busasshen reshe, anka koma ɗanye don dabbobi, daga nan ba wanda ya sake tambayar kowa. Ba kumandan, ba gardi, ba tafinta.

Wata safiya cikin waɗannan shekaru na tashi ba kara ba kashin shanu a gidana, ga ɗiya huɗu, ga ɗan garin dawa da na samo da ƙyar. Na ɗauki gatarin maigidana na gangara. Na ishe mata biyu sun riga ni, ba mu gaisa ba, ba mu dubi juna ba. Na zaɓi wani reshen kanya na sara. Da ya faɗo, sai ga sheƙar marai biyu sun biyo shi. Na ɗaga ɗaya na leƙa ta ƙofar, akwai ƙwai biyu a ciki, shuɗi-shuɗi, ba su fashe ba. Na tsinke ta na ajiye a gindin iccen, kamar uwar za ta zo ta same ta a nan. Na ɗaure iccena na aza a ka na koma gida. Ɗanye ne, ya yi ta hayaƙi yana tsiyayar ruwa, sai da na yi ta hura. Tuwo ya dahu, ɗiya sunka ci sunka ƙoshi. Ni ma na ci.